Laftof Mai Tsada: Me Kuɗin Yake Saya Maka?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran kwamfuta ce a nan Kano, kuma a duk lokacin da jami'o'i suka fara ɗaukar sabbin ɗalibai, tambaya ɗaya iyaye suke kawo mini: shin laftof mai tsadar nan ta cancanci kuɗinta, ko suna kawai ake saya? Ina roƙon fili a jaridarku in ba da amsa ta bakin wanda yake kwance bayan na'urar ya ga cikinta.

Tsadar ba ƙarya ba ce. Duk wanda ya ce maka laftof ɗaya ce da laftof, bai taɓa riƙe sukundireba ba. Sabuwa mai araha, irin mai firosesa (wato ƙwaƙwalwar na'urar) Celeron da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) gig 4, jikinta roba ce zalla. Kusoshin da ke riƙe da hinjin murfinta a cikin robar aka dasa su, to kullum ana buɗewa ana rufewa, wata rana za ka ji ƙas, robar ta tsage, hinjin ya ɗago ya danne gilashin ya fasa shi. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu. In na buɗe irin waɗannan, sai in tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, iska ba ta da hanyar fita, na'urar tana ta huci tana kashe kanta. Uba ya yi murna ya saya wa 'yarsa sabuwa fil a kwali, kafin ta gama aji biyu ya biya kuɗin gyara har ya gaji.

Waɗanda aka ƙera don ma'aikatan manyan kamfanoni kuwa, irin su ThinkPad ta Lenovo, da Latitude ta Dell, da EliteBook ta HP, wani abu ne daban. Hinjinsu ƙarfe ne da aka ɗaure a kan ƙashi mai ƙarfi, kibod ɗinsu yana jure duka, kuma an yi su ne da sanin cewa wani zai buɗe su ya gyara. Ɗauki ThinkPad T480 da ta fito a 2018: tana da gurbin RAM guda biyu, ana canza mata SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, batirinta na waje ma da hannu ake zare shi. Wannan shi ne abin da ƙarin kuɗi ya kamata ya saya wa mutum.

Inda nake da ja shi ne da sabon salon tsada, wanda siranta ce abin taƙamarsa. Tun da Apple ya fito da MacBook Air mai guntun M1, wato firosesar da ya ƙera da kansa, a Nuwamban 2020, kowa ya shaida na'ura ce mai kyau. Ba ta da fanka kwata-kwata, don haka ba ta zuƙar ƙura kamar sauran, kuma kamfanin ya ce batirinta yana iya kai awa 18. A garin da wuta take zuwa ta tafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan rage mata komai ba. Amma RAM ɗinta a haɗe yake da guntun, ma'ajiyarta kuma an like ta da dalma a jikin bod, wato babban allon da ke ɗauke da kayan cikin na'urar. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ka mutu. In bod ya ƙone, ba maganar sauya ƙaramin abu ba ce, kuma sau da yawa takardun da ke ciki sun tafi ke nan. Sauran kamfanoni ma sun bi wannan hanya a siraran na'urorinsu. Kuma kada a ɗauka tsada tana hana kuskure: kibod ɗin da Apple ya sa a na'urorinsa daga 2015 zuwa 2019, ɗan ƙwayar ƙura kan hana harafi aiki, har sai da kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta. A lokacin, mutumin Landan zai shiga shagonsu a canza masa. Mutumin Gwammaja fa?

Sai lissafin aljihu. Waccan MacBook Air dala 999 aka sa mata da ta fito. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar naira 70,000 ne. Wanda yake tace bidiyo, ko zanen gine-gine, ko rubuta manhaja ana biyansa da dala, ya saya, na'urar za ta mayar masa da kuɗinsa. Amma ɗalibin da aikinsa buga rubutu ne da karanta takardu da shiga intanet, ban ga dalilin da zai sa a sayar da fili ko a ci bashi saboda shi ba. Abin yana ci mini rai in na ga uwa ta kwashe kuɗin adashinta don kada a raina ɗanta a ɗakin kwanan ɗalibai.

Shawarata ga irin waɗannan iyaye ita ce su sayi mai tsadar, amma bayan ta yi shekara huɗu ko biyar a ofishin wani a Turai ko Amurka, wato ta hannu da ake samu a Farm Centre ko titin Beirut. Sai dai a buɗe ido, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana buƙatar firosesar Intel zubi na takwas zuwa sama. Har yanzu akwai masu tura wa mutane zubi na shida da na bakwai suna cewa ai Core i7 ce. Lambar farko bayan i5 ko i7 ita ke nuna zubin, sai dai daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa. In ka ga 8250U, na takwas ne, in ka ga 6300U, ajiye musu kayansu. A nemi RAM gig 8 aƙalla, da SSD, a tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke tayar da na'urar kafin Windows, a zare caja a zauna a shagon rabin awa a ga yadda batirin yake sauka. In mai shago ya ƙi yarda a yi wannan gwajin, a shiga shago na gaba.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Kano.