Sanarwar Taro ga Malaman Sashen Lissafi

Assalamu alaikum, ƴan uwa malamai, barkanmu da war haka.

Ana gayyatar kowa zuwa taron gaggawa ranar Laraba mai zuwa, da ƙarfe 11 na safe, a ɗakin taron sashe, domin mu zama baki ɗaya kafin shugaban sashe ya gana da hukumar makaranta.

Kamar yadda kuka sani, mu ne muke koyar da MTH 101 da MTH 102, wato darussan lissafi na shekarar farko, ga ɗaliban kimiyya da injiniyanci gaba ɗaya, aji ya cika har wasu suna tsaye, alhali ƙa'idar NUC, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 20 a fannin kimiyya. Duk da wannan ɗawainiya, an sauya jadawalin jarrabawarmu ba tare da an tuntuɓe mu ba, sannan aka aiko mana takardar tuhuma kan yawan faɗuwar ɗalibai, har ana nuna mana mu sassauta maki, abin da a ganina bai dace mu amince da shi ba.

Kowane malami ya zo da adadin ɗalibansa da sakamakon zangon da ya wuce a rubuce. Wanda uzuri zai hana shi zuwa ya sanar da ni kafin daren Talata. Don Allah kada a fitar da wannan magana daga rukuni.

Allah ya bar zumunci.
Sakataren sashe