Fim Ɗin Elesin Oba: Mai Littafi Da Mai Kallo Ba Abu Ɗaya Suka Gani Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: me ya sa in aka mai da tsohon wasan kwaikwayo fim, masu sharhi sukan yi gabas, 'yan kallo su yi yamma?

Na daɗe ina koyar da adabi, kuma cikin littattafan da na fi bi da ɗalibai akwai Death and the King's Horseman na Wole Soyinka, wanda ya fito a 1975. A 2022 kamfanin EbonyLife ya mai da shi fim mai suna Elesin Oba, aka sa a Netflix. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, shi ya ba da umarni, sai dai ya rasu a watan Agustan shekarar kafin fim ɗin ya fito.

Ga labarin a taƙaice. Alafin na Oyo ya mutu, al'ada ta ce bayan kwana 30 Elesin, mai dokin sarki, zai kashe kansa ya bi ubangidansa lahira. A ranarsa ta ƙarshe ya ƙyalla ido ya ga wata budurwa a kasuwa, ya ce sai ita, alhali an yi mata baiko da ɗan Iyaloja, shugabar matan kasuwa. Aka ba shi. Kafin ya cika alkawari Di'o Pilkings, Baturen mulkin yankin, ya sa aka kama shi, sai ɗansa Olunde, wanda ya dawo daga karatun likita a Ingila, ya mutu a madadinsa.

A kan dandamali magana ce komai. Elesin zai tsaya ya yi ta zuba zance, maroƙinsa na amsawa, ganguna na tashi, har ya shiga rawar da zai bar duniya a cikinta. Wanda ke zaune a zaure ya san sharaɗin, shi zai cike sauran da tunaninsa. Kamara kuwa ba ta da kunya. Sai ta matso ta nuna maka idon Odunlade Adekola, wanda ya fito a matsayin Elesin, yana bin yarinyar nan. Da muka kalla a gida, ɗan yayata bai jira ƙarshe ba ya yanke hukunci: "Kawu, ai wannan tsoho ne mai budurwar zuciya." Ƙanwarsa kuma tun a zancen farko na kasuwa take tambaya yaushe surutun zai ƙare a fara fim.

Wani abokin aikina da ya haddace littafin kusan kukan da ya yi kishiyar wannan ne. Shi a wurinsa ado da kiɗa da launi sun danne nauyin maganar. Fim ɗaya, ɗaya ya ce zance ya yi yawa, ɗaya ya ce an tauye shi.

Akwai kuma abin da masu sharhi ba su cika lura da shi ba. A gabatarwar littafin Soyinka ya ja kunnen masu shirya wasan kada su mai da shi rikicin al'adar Bature da ta baƙar fata. Ɗan kallo bai karanta gabatarwa ba, babu kuma wanda ya wajabta masa. Da tarbiyyarsa ya zauna gaban allo. A falonmu, inda kowa ya san hukuncin kashe kai a addini, da yawa cewa suka yi Baturen ya kyauta. Wanda suka fi fahimta shi ne Sajan Amusa, Musulmin ɗan sandan da ya ƙi yi wa maigidansa Pilkings magana saboda ya gan shi cikin kayan dodanni.

Ni dai ban yarda a kira waɗannan yara jahilai ba. In sai an karanta littafi kafin a gane fim, to aikin darakta bai kammala ba. Amma mai cewa surutu ya yi yawa shi ma ya yi hasara, don a cikin surutun nan Elesin ya fallasa cewa ƙafarsa ɗaya tana duniya tun kafin Di'o ya zo.

Mu ma abin ya shafe mu. An taɓa mai da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina fim, kuma wata rana wani a Kannywood zai ɗauko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Roƙona ga mai kula da shafinku na fina-finai shi ne, duk wanda zai yi sharhin irin wannan fim ya faɗa mana tun a layin farko ko ya karanta littafin, sa'annan a ba wanda bai karanta ba fili kusa da nasa.

Naka,
Wani malamin adabi, Zariya