Kafin ku zaunar da mota ƙasa, ku fara duba titin unguwarku

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƙannenmu masu sha'awar motocin gudu, don wannan yayi na zaunar da mota ƙasa ya shigo da ƙarfi a Kano da Kaduna da Abuja, yaro ya samu Toyota 86 ko BMW ko tsohuwar Nissan 350Z tokumbo, kafin ma ya canza baƙin mai ya fara tambayar inda ake sayar da sifirin ɗin da zai sa bodi ya kusa taɓa taya. Ni ban ce abin ba kyau ba. Mota in ta sauka nauyinta ya matso ƙasa, ta rage jirkicewa a kwana, sitiyari ya fi jin magana, ga kuma kyan gani. Amma yadda ake yinsa a nan ne abin takaici.

Wasu gurin mai walda suke kai motar, a sa giranda a yanke zagaye ɗaya ko biyu daga sifirin na asali, wani ma wutar gas yake sa masa har ya yi ja ya lanƙwashe. Wlh wannan wasa da rai ne. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne a masana'anta da wani ma'aunin zafi, kana sake sa masa wuta ka kashe shi, zai ci gaba da zama har wata rana ya karye, shi kuma yankakke ba ya zama daidai a mazauninsa, ka faɗa rami da gudu ya iya gocewa.

In za a yi, a sayi wanda aka ƙera don wannan motar takamaimai. Cikin kamfanonin da ke ƙera sifirin, Eibach da H&R na Jamus ne, Tein na Japan, kuma kowanne da lambar kaya a jikinsa wadda ta dace da samfurin mota da shekararta, har injin ma ana dubawa tunda mai silinda 6 ya fi mai 4 nauyi a gaba. Ko ɗan Beljiyam ka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ɗauki lambar ka buga a intanet kafin ka ciro kuɗi, fenti ja ko shuɗi kowa na iya shafawa. Kuma guda huɗu ake canzawa gaba ɗaya.

Sai batun nawa za a sauke, wanda nan ne samari ba sa son jin gaskiya. Sifirin samfurin Pro-Kit na Eibach yakan sauke mota kamar santimita 2.5 zuwa 4, Sportline ɗinsu ya fi haka. To ita Toyota 86 tun daga kamfani tsakaninta da ƙasa kusan santimita 13 ne kacal, ka cire 5 me ya rage? Ga tudun rage gudu da ’yan unguwa ke zubawa da siminti yadda suka ga dama, ga ramuka bayan damina, ga hawan ƙofar gida, kullum sai ka bi a karkace kamar kaguwa mutane na maka hon, ƙarshenta bamba ya tsage ko salansa ya fashe, in tsautsayi ya zo botom filet ya huje mai ya tsiyaye injin ya buga. A ganina santimita 2.5 zuwa 3 ya isa duk wanda da motar yake zuwa aiki.

Abin da ake mantawa kuma shi ne shok. Gajeren sifirin ya fi na asali tauri kuma ya rage wa shok ɗin filin motsi, in dama tsoho ne da ya gaji tun daga Kwatano ba zai daɗe ba zai fara yoyo, motar ta dinga tsalle-tsalle. Shi ya sa kamfanin shok na Bilstein suka ware samfurin B8 don motar da aka sauke, B6 kuma na mai tsayin asali. Wanda ba shi da kuɗin duka biyun gara ya jira ya tara. Akwai sifirin mai laushi da farko ya taurara in an danne shi, shi ya fi dacewa da gargadar hanyoyinmu, mai tauri ɗaya tun daga farko na filin tsere ne.

Bayan an ɗaura a ɗan yi yawo da ita ta zauna, sannan a kai alaimen na kwamfuta, don saukewa na sa saman taya ya karkata ciki, in an ƙyale cikin taya zai cinye, ta waje kuma kamar sabuwa. Ku kuma iyayenmu bakanikai, a nemi abin matse sifirin na gaske, ɗaure shi da waya da ake yi in ya ƙwace yana iya fasa fuskar mutum.

Na gode Edita.

Daga mai karanta jaridarku, Kano