Shinkafar Kebbi tana kokawa da baitulmalin wasu ƙasashe

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu gyara wata magana da ake yawan yi duk lokacin da farashin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ya faɗi a Argungu, Suru da Jega, wai dokokin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, su suka ɗaure hannun gwamnati ta kasa kare manomi. Ba haka abin yake ba.

Yarjejeniyar noma da ta fara aiki a 1995 ta raba tallafi gida-gida. Akwai wanda ake ganin yana karkata kasuwa, irin sayen amfanin gona a kan farashin da gwamnati ta yanka. Ga ƙasa mai tasowa, an yarda wannan ya kai kashi 10 cikin 100 na darajar abin da aka noma, ƙasashe masu arziki kuwa kashi 5. Akwai kuma wanda ba a sa masa iyaka ba: binciken iri, malaman gona, hanyoyin karkara, madatsun ruwa, yaƙi da ƙwari. Sashe na 6.2 ma ya ƙara ba ƙasashe irin namu damar rage wa ƙananan manoma kuɗin taki da ban ruwa ba tare da an lissafa shi cikin wancan kashi 10 ba. Harajin shigo da kayan gona kuwa, rufin da Najeriya ta amince da shi a WTO kashi 150 ne. Fili ne mai faɗi, mu ne ba mu shiga ba.

Dubi Indiya, wadda ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya. Gwamnatinta tana sanar da farashi tun kafin girbi, ta sayi shinkafa ta zuba a rumbu don ciyar da talakawa. Da lissafin ya nuna za ta haura kashi 10 (ana auna shi ne da farashin 1986 zuwa 1988, abin da ita kanta take kuka da shi), sai ta tsaya kai da fata a taron WTO na Bali a 2013 har aka amince ba za a kai ƙarar irin wannan ajiya ba. Amurka da Ostireliya suna zargin shinkafar rumbun tana silalewa kasuwar duniya da araha, Indiya tana musantawa. Ko da an kai ƙara ma, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina zama tun Disamban 2019 saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. Taron Nairobi na 2015 ya haramta tallafin fitar da kayan gona kai tsaye, amma na cikin gida yana nan daram, kuma shi ne ke cin mu.

Ga yadda yake isowa fadama. Mai noman rani ya sayi fetur na injin ban ruwa a farashin bayan cire tallafi na 2023, ya sayi taki da maganin ciyawa, ya biya 'yan dashe da masu koron tsuntsu. Ya yanke, ya bugu, ya shanya a kan tamfol har danshin ya sauko wajen kashi 14. Mai casa ya san buhu 100 na shanshera ba zai ba shi fiye da kwatankwacin 60 zuwa 65 na tsaba ba, don haka daga farashin 'yar waje a kasuwa yake lissafo baya ya yanka wa manomi kuɗi. Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a Yulin 2023, ta janye hanin a Satumban 2024, farashin duniya ya sauko. A Yulin 2024 kuma gwamnatinmu ta sanar da ɗage harajin shigo da shinkafar da ba a gama cashewa ba, da masara da alkama da wake, na kwana 150. Mai saye ya ɗan samu sauƙi, ba ma musu. Amma wanda ya ci bashin taki ba a gaya masa ba kafin ya shuka.

Rufe iyaka an gwada daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma duk wanda ya san garuruwan kan iyaka irin Kamba da Dole Kaina ya san babur da kwale-kwale ba sa bin ƙofar kwastam.

Abin da muke roƙo ba ya buƙatar izinin Janeba, hedkwatar WTO. A bayyana harajin shinkafa na shekara uku a jere, duk wani rangwame a sanar da shi kafin a zuba iri, kada ya faɗo lokacin kaka. A yanka farashin da gwamnati za ta saya idan kasuwa ta karye, a biya cikin kwanaki, don shirin ba da rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ya nuna cewa kayan aikin da suka iso bayan an yi dashe bashi kawai suke zama. Kuɗin da ake warewa a karkata shi ga injinan ban ruwa masu amfani da hasken rana da wuraren shanya. Sannan wakilanmu a WTO su riƙa tambayar Indiya alƙaluman rumbunta a kwamitin noma, kamar yadda Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka haɗa kai tun 2003 suka tasa Amurka gaba a kan tallafin auduga.

Daga wasu manoma da masu casar shinkafa,
Argungu, Jihar Kebbi.