Barka da Sallah daga Shikago, da bayanin kukan asubar nan

Shikago, 1 ga Shawwal 1438 (25 ga Yuni 2017)

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ya ƙafar taki, da sauƙi dai ko? Auta, na san kai ne mai karanta mata, to ka bi a hankali, kada ka tsallake inda ka ga ya yi maka tsawo.

Mun sauko idi tun da hantsi. Nan babu filin Ƙofar Mata, zaure aka kama haya aka shimfiɗa dardumai, kuma sai da aka yi sallar kashi biyu saboda jama'a. Azumin bana ya ba mu kashi, kusan awa 17 kullum, ba ma shan ruwa sai takwas da rabi. Surukarki ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, naman daga titin Devon wurin 'yan Pakistan. Ya yi daɗi, amma kada ki bari ta ji, bai kama ƙafar naki ba.

An ce kayan sun iso, kuma kin tambaya me ya sa na aiko wa yara shuɗɗan huluna masu jan harafi a goshi maimakon zanna. Amsar tana haɗe da bashin bayanin da kike bi na tun watan Nuwamba, ranar da na kira ki kina kan sallaya da asuba, ina kuka ina dariya, kika yi ta salati kina tambayar wa ya rasu. Da na ce miki ƙwallo muka ci, kika ce "Allah ya shirye ka" kika kashe waya. Kin yi daidai. Amma yau Sallah, ki ba ni aron kunne.

Wasan sunansa besbol. Wani ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse, girman lemon zaƙi, wani ya tare ta da kulki. In ya doke ta sai ya ruga, ya bi tasha uku ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida. Wanda bai dawo gida ba, ko ya kai tasha ta uku, ba a rubuta masa komai. Babu agogo a ciki, zagaye tara ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara. Shekarata biyar a garin nan ina ganinsa wasan marasa aikin yi.

Wani dattijo Bature a benenmu ne ya ja ni ciki. Ina kai shi wankin ƙoda a tasi sau uku a mako, kuma sharaɗinsa ɗaya ne, a kunna rediyo a ji wasan Cubs, ƙungiyar besbol ta garin nan, masu hulunan da na aiko. Yana da fensir da littafi, kowace jifa sai ya sa mata alama, kamar mai lissafin bashi a kanti. Yana yaro aka kai wasan ƙarshe a 1945 aka sha kashi, daga nan ko ƙofar ba su sake gani ba har ya tsufa. Kofin kuwa rabonsu da shi tun 1908. Inna, lokacin Sarki Abbas ne ke kan gadon Kano, jirgin ƙasa bai iso garin ba, ko Najeriya ba a haɗe ta ba. Filinsu ma, Wrigley, a 1914 aka gina shi, wato sa'an Najeriya ne, kuma bai taɓa ganin sun ɗaga kofin ba. Duk ƙarshen kaka sai dattijon ya rufe littafinsa ya ce sai baɗi. Ba shi kaɗai ba, maganar duk magoya bayansu ke nan, har ta zama abin yi musu ba'a.

Kuma ashe Turawa sun fi mu camfi. Wai a wasan 1945 ɗin wani mai gidan giya, William Sianis, ya shigo fili da akuyarsa, aka fitar da su saboda wari, ya yi musu baki. Shekara 71 mutane masu digiri suna ɗora wa akuya laifi. Ni dai a ganina akuya ba ta da hannu, rashin iya riƙo ne. Da aka kawo Theo Epstein ya jagoranci ƙungiyar a 2011 ya watsar da tsofaffin 'yan wasa ya tara yara, a shekarar farko suka sha kashi sau 101, mutane na zagi, shi ko a jikinsa. Bara yaran suka nuna. Cikin wasa 162 na kaka sun ci 103, babu wanda ya kai su.

Dattijon bai ga ƙarshenta ba. A watan Agusta ya rasu, suna kan gaba da tazara mai yawa. 'Yarsa ta hawo da rediyonsa ta ce ya ce a ba direba.

Da ita na saurari daren 2 ga Nuwamba, na kashe muryar talabijin kamar yadda yake yi. Karon ƙarshe na kofin ne, mu da Cleveland, wasa bakwai ake tsarawa, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauka. Cleveland sun ci uku muna da ɗaya, har na fara haƙura, sai muka ci biyu a jere aka zo na bakwai a garinsu. Muna 6 suna 3 a zagaye na takwas, na ɗora shayi. Mai jifanmu Chapman, wanda ƙwallonsa ke wuce gudun kilomita 160 a awa, hannunsa ya riga ya gaji. Suka fara rage ɗaya, sai wani Rajai Davis ya ɗauke ƙwallon ya aika ta bayan katanga, aka koma 6 da 6. Wallahi sai da na tuna akuyar nan, na yi istigfari. Abba, mai sunan Baba, ya shige bayan kujera ya toshe kunne.

Sai ruwa ya sauko. Aka ja tamfol aka rufe fili minti 17. Daga baya muka ji cewa Jason Heyward, wanda kulkinsa ya yi sanyi duk shekara ana ta gunaguni a kan kuɗin da yake ɗauka, shi ya tara su a wani ɗaki ya yi musu magana. Suna dawowa Zobrist ya buga, Montero ya ƙara, muka zama 8. Su ma suka ƙara ɗaya, don ba su da niyyar barin mu mu numfasa. Ta ƙarshe ta gangaro a hankali wajen Kris Bryant, yaron na murmushi tun kafin ya ɗauka, ƙafarsa ta zame amma ya jefa, Rizzo ya cafe ya soke ƙwallon a aljihun baya kamar wanda ya tsinci kuɗi a kasuwa. Sha biyu saura kwata a nan, shida saura kwata a wajenku. Na rasa wanda zan kira. Ƙasan bene babu kowa. Shi ne na kira ki.

Su Cleveland ma na tausaya musu, rabonsu tun 1948.

Ranar Juma'a aka yi zagayen gari, aka rina kogi shuɗi, hukuma ta ce mutum miliyan 5, ni dai ban ƙirga ba, na san mota ba ta motsi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne bangon Wrigley. Mutane sun zo da alli suna rubuta sunayen iyaye da kakanni da suka mutu suna jira, har babu wurin sa yatsa, wasu da tsani suka zo. Wata mata ta miƙo mini guntun alli, na rubuta sunan dattijon. Na gama, allin yana hannuna, sai ga Baba a idona, zaune a zaure da rediyonsa a kunne ranar da Pillars suka ɗauki kofi a 2008, yana ce mana mu yi shiru. Aka binne shi ban da ni saboda rashin takardar zama. Na durƙusa can ƙasa inda aka bar ɗan wuri na rubuta "Baba" da ajami, ƙanana, na yi masa addu'a a tsaye cikin mutane. In akwai laifi a ciki Kawu Malam ya gaya mini. Ruwa ya daɗe da wanke shi.

A hanyar dawowa na lissafa sau nawa na ce miki sai baɗi. Sallah tara ke nan.

Bana ƙungiyar sai a hankali, yau ci gobe faɗuwa, kamar har yanzu ba su farfaɗo daga biki ba. An ba su zobba masu lu'ulu'u 108 kewaye da tambarin ƙungiya, har da hoton akuya a ciki, kin ji mutane. Ban damu sosai ba.

Takardata ta fito, Inna. Na sayi tikiti, mu huɗu, ƙarshen Agusta in Allah ya yarda, a yi Babbar Sallah da mu. Kada Yaya ya sayi rago, da ni za a je kara, ina so Abba ya ga yadda ake taya. Goron Sallah yana wajen Yaya, ki cire naki kafin a raba. A gaida Gwaggo da Kawu Malam da duk mutanen layi. Gobe in an fita Hawan Daushe a ɗauko mini bidiyo, ba na mutane ba, na dawaki.

Auta, ka duba mini ko intanet na kamawa a ɗakin zaure. Wasannin dare ƙarfe bakwai ake fara su a nan, ɗayan dare ke nan a Kano, kuma ba na so in tashi Inna karo na biyu.

Ɗanki,
na Shikago