Saƙo Ga Membobi Mazauna Waje Kan Rushewar Tsohon Kanti

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa na Makka da Jidda da Madina, na Ingila da Amurka, na Kamaru da Libiya, muna gaishe ku da iyalanku.

Wasunku sun riga sun ga hotunan a WhatsApp. Ruwan daren Juma'ar da ta wuce ya kayar da bangon gabas na tsohon kantin Layin Tasha, rufin kwano ya rufta ciki. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Telolin da ke baranda sun samu sun fitar da kekunansu, sai na Baba Tela da ƙasa ta danne, kuma da shi yake ciyar da gidansa. Wannan shi ne ginin da muka amince a taron bara za mu gyara kafin damina. Ba mu gyara ba, saboda fiye da rabinmu ba su biya kuɗin da aka yanka ba.

Wani daga cikinmu ya rubuta a dandalin ƙungiya cewa bai ga amfanin zuba riyal da dala a tsohuwar ƙasa ba. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Saboda shi, da kuma 'ya'yanmu da aka haifa a waje, bari in faɗi abin da wannan gini yake.

Kafin zuwan layin dogo garinmu 'yan gidaje ne da rijiya da gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori kuma ya kai Nguru a 1930. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da GBO, tare da Kwarori, suka bazu a tashoshin wannan layi suna sayen gyaɗa da fatu. Kantinmu na wancan zamanin ne. Manomi zai ɗoro gyaɗarsa a jaki ko raƙumi, a ɗora ta a sikeli, akawu ya rubuta, a ƙirga masa sulalla. Bai bar wurin ba sai ya shiga ciki ya sayi akoko da gishiri da kananzir da ashana. Sikelin ƙarfen nan yana barandar har yau, mu duka mun hau shi muna yara.

A jikin wannan kanti Layin Tasha ya tsiro. Masu tuwo suka kafa rumfa don 'yan dako da leburori, mahauta suka biyo, sai maƙera da teloli. Aka gina masallacin layi, daga baya En'e ta kawo asibitin sha-ka-tafi da makarantar elemantare. Iyayenmu da yawa da kuɗin dakon buhu aka yi musu aure, kuma gyaɗar gonakinmu na cikin wadda aka jera dala da ita a Malam Madori. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Jirgi ya daina zuwa a kai a kai, masu shaguna suka koma bakin kwalta. Babban sito ya zama wurin injin niƙa, ɗakin akawu ya zama makarantar allo. Kantin ne kaɗai ya rage a yadda aka gina shi, da ƙofofinsa na katako da faɗin bangonsa.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai. Tun kafin a kwashe ƙasar da ta zube, labari ya iso mana cewa wani ɗan wannan ƙungiya ya aika a yi masa cinikin filin a ɓoye, yana so ya kafa gidan mai. Haba ɗan'uwa! Kana zaune tare da mu a taro, ka ɗaga hannu a kan gyara, ka ƙi biya, sannan ka zagaya ta baya? Ba mu hana kowa neman halal ɗinsa ba, kuma fili bai ƙare a bakin kwalta ba. Amma wannan ba zumunci ba ne. Haka kuma masu cewa kwamiti na cin kuɗi: littafin ma'aji a buɗe yake, duk wanda ya nema za a tura masa shafi-shafi. Mutanen nan suna barin aikinsu da barcinsu don hidimar gari, ba a biyansu ko kwabo. In akwai tuhuma a kawo ta taro a gaban kowa, a daina raɗe-raɗi ta waya. Bambancin unguwa da na siyasa da wasu suke ta tonowa, a gida ma an fara wuce shi, sai mu da muke nesa ne za mu riƙe? Ranar da ɗayanmu ya rasu a ƙasar mutane, wannan ƙungiyar ce ke tsayawa a kansa, kun gani da idonku.

Sauran batutuwa a taƙaice. Famfon makarantar firamare ya koma aiki. Kuɗin jarrabawar marayu an biya. Muna yi wa Hajiya Babba ta'aziyyar ƙaninta, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Zaɓen sabon sakatare sai bayan Sallah.

Abin da kwamiti ya yanke: mun roƙi Mai Gari da magadan ginin kada a sayar har sai mun zauna da su, kuma sun karɓa, Allah ya ƙara girma. Magini ya duba, ya ce sauran bangaye uku da azarar ɓangaren yamma za su tsaya in aka rufe su da tamfol a wannan makon. Mun fitar da kuɗin tamfol daga asusun gaggawa, tare da na sabon keke ga Baba Tela. Duk wanda ake binsa kuɗin gyara ya tura wa wakilin ƙasarsa kafin ƙarshen wata. Wanda yake cikin matsi ya kira ni kai tsaye, ba wanda zai ji. Masu tsofaffin hotunan layin ko rasiɗan kanti a akwatin iyayensu su ɗauka su turo wa ma'aji.

Taro ranar Lahadi bayan Isha'i, agogon Najeriya.

Wassalam.
Shugaba, a madadin kwamiti