Godiya ga shagon da ke tambayar girman falo kafin ya sayar da lasifika

Assalamu alaikum Alhaji, da kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Mu masu sana'ar haɗa kayan sauti a gidaje a nan Kano ne muka ga ya dace mu rubuto maka wannan takarda a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole. Kayan da ke fitowa daga shagonka na Sabon Gari suna zuwa daidai da ɗakin da za a kafa su. Wanda ba ɗan sana'a ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali a nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Abin da muka fi gode maka shi ne tambayoyin da yaranka ke yi wa mai saye tun bai nuna kwalin da ya burge shi ba: mita nawa ne tsawon falon da faɗinsa, tayil ne a ƙasa ko kafet, kujerar tana manne da bango ko akwai fili a bayanta, a kushin ake zama ko a ƙasa. Wannan ta ƙarshe ba kowa ke tuna ta ba. Ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti tana harba shi ne kai tsaye kamar hasken tocila, don haka ana son ta daidaita da kunnen mai sauraro. Mai zama a kushin kunnensa na wajen mita ɗaya daga ƙasa. Gidan da ake kallo a kan kafet an jingina da tumtum kuwa, kunne ya sauko sosai, sai a zaɓi gajeriyar ƙafa ko a sunkuyar da fuskar lasifikar.

Mun kuma ji daɗin yadda kuke yi wa mutane bayanin 5.1 ba tare da kumbura magana ba: lasifika biyu a gaba dama da hagu, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, sai wufa mai ɗaukar gurnani. Idan kujera tana mita 3 daga talabijin, na gaba biyun su yi tazarar mita 2.4 zuwa 3.5 a tsakaninsu. Na gefe su ɗan koma bayan kafaɗar mai zama, su ɗara kunnensa da kamar rabin mita. Idan mutum ya nace sai 7.1 alhali kujerarsa na manne da bango, kun saba gaya masa gaskiya cewa ƙarin biyun na baya ba su da wurin zama, a ƙeyarsa za su yi ta ihu. Ku rage wa kanku cinikin lasifika biyu don falon wani ya yi daɗi, ai ba kowane ɗan kasuwa ke iyawa ba.

Lasifikar tsakiya ita ce mutane ke rainawa, ita kuma ke ɗauke da mafi yawan maganar da ke cikin fim. Shawarar da kuke bayarwa daidai ce: ukun gaba su fito daga kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya, don kada muryar mutum ta canja launi in ya taka daga hagu zuwa dama a allo. Kuma kada a cusa ta cikin durowar talabijin. A jawo ta bakin katakon, a ɗan ɗaga fuskarta ta kalli kunne. Da yawa daga masu kukan cewa kiɗa ya danne magana, wannan ce matsalarsu.

Sai maganar wat, inda ake cin kasuwar jahilci. Kwalin da aka rubuta masa PMPO wat 5000 da manyan baƙaƙe, lamba ce ta talla, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi. Kuna juya kwalin ku nuna wa mai saye RMS, lambar ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai, sannan ku nuna masa lambar da ta fi wat muhimmanci, wato yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Da desibel ake auna ƙara, kuma duk ƙarin desibel 3 sai an ninka ƙarfin amfilifaya. Ke nan lasifika mai desibel 90 da aka ba wat 50 za ta yi ƙara daidai da mai 84 da aka ba wat 200. Kuma ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ta fi babba ƙona lasifika, domin in ta gaza sai ta yanke kan igiyar sautin, wannan gurɓataccen sauti kuma ƙaramar lasifikar sama yake fara gasawa.

Haka batun om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke shiga cikinta. Yawancin amfilifayoyin gida an yi su ne don lasifika mai om 6 zuwa 8. A jona musu mai om 4, sai su ja wuta fiye da ƙima, su yi zafi, su kashe kansu ana tsakiyar kallo, balle a watan Afrilu da zafin garin nan ke kaiwa digiri 40. Ƙananan lasifikan da ke zuwa a kwali ɗaya da na'urarsu kuwa, da yawansu om 3 ne, ba a raba su da uwarsu a kai wa wata amfilifaya. Mun san kuna hana wannan haɗin gambiza, kuna kuma cewa a bar wa amfilifaya filin shan iska a samanta, kada a ɗora mata dikoda.

A wajen wufa kuka fi burge mu, don ba ku cewa a saka ta a lungu kawai a wuce. Lungu yana ƙara mata ƙarfi, gaskiya ne, amma sau da yawa ƙarfin buu-buu ne marar fasali. Kowane ɗaki yana da sautin da yake kumburawa gwargwadon tsawonsa. Falo mai mita 4 yana kumbura gurnanin da ke wajen haz 43 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), in kuwa faɗinsa ma mita 4 ne abin ya taru wuri ɗaya: na jikin bango yana jin ƙirjinsa na rawa, na tsakiyar ɗaki yana tambaya ko an kunna wufar. Dabarar da kuke koya wa mutane ita muke bi. A ɗora wufar a kan kujerar maigida, a sa kiɗa mai gurnani, mutum ya durƙusa ya bi gefen bango yana saurare, inda ya ji gurnanin ya fito sumul nan ne mazauninta. Abin dariya ne a ga magidanci yana rarrafe a falonsa, amma minti goma ne ya gama. Daga nan a shiga saitin amfilifaya a sa duk lasifikan a Small, a yanka mahaɗarsu da wufa a haz 80, ƙananan sosai kuma a 100 ko 120.

Dolby Atmos, tsarin da ke ƙara sauti mai zuwa daga saman kai, ya shiga gidajen sinima a 2012, ya iso kayan gida a 2014, yanzu kowa shi yake tambaya. Irin lasifikansa da ke harba sauti sama ya bugi sili ya dawo ƙasa, sai da shimfiɗaɗɗen sili mai tauri. Silin fi'ofi mai hawa-hawa da rami a tsakiya da fanka na juyawa, warwatsa sautin yake yi. Kuna faɗa wa mai irin wannan falo ko dai ya huda silin a dasa lasifika a ciki, ko ya haƙura ya zuba kuɗin a wufa mai kyau. Kuna kuma tuna masa cewa wayar haske, wato optical, ba ta ɗaukar Atmos, sai HDMI, kuma yawancin abin da ake kallo a YouTube na lasifika biyu ne, kada ya dawo yana cewa na baya sun mutu.

Kayan gwanjo ma ba ku sayar da su ido rufe. Ana buɗe ragar gaba a duba soson da ya kewaye bakin lasifika ko ya fara marmashewa, a danna faifan a hankali da yatsu a ji ko yana gogar wani abu a ciki, a taɓa masa batir mai bolt 1.5 a ga ya turo waje. Amfilifayar da ta fito daga Amurka bolt 120 take ci, ta Japan 100, wutarmu kuwa 230. Takardar gargaɗin da kuke mannawa a kan filoginta tare da taransifoma mai rage wuta ta ceci na'urori da yawa daga ƙonewa a daren farko. Haka shawarar sitabilaiza saboda wutar da ke hawa da sauka, da gargaɗin cewa inbata mai arha wadda wutarta ba sumul ba ce tana sa amfilifaya gurnani ko ba a kunna komai ba.

Waya kuwa, Allah ya saka. Kuna sayar da jan ƙarfe zalla, mai kaurin milimita sukwaya 1.5 in tafiyar ba ta wuce mita 15 ba, 2.5 in ta wuce haka ko lasifikar mai om 4 ce. Kuna bambanta ta da alminiyam ɗin da aka yi wa fentin jan ƙarfe, wanda da an kankare shi da reza sai fari ya fito, ga tauye wuta, ga karyewa a bakin mahaɗi. Kan jona ja da ja, baƙi da baƙi ma kuna jan kunne, don waya ɗaya da aka juya takan sa lasifikan gaba su riƙa kashe gurnanin juna, murya ta rasa mazauni a tsakiya.

Ga kuma abin da ba ku da ribar ko kwabo a cikinsa: kuna cewa mai falon tayil da bangon siminti ya tafa hannu sau ɗaya ya ji amsa-kuwwa, sannan ya sayi kafet mai kauri da labule mai nauyi kafin ya yi tunanin ƙara lasifika. In za a yi awo da ɗan makirufon da ke zuwa da amfilifaya, YPAO na Yamaha ne ko Audyssey na Denon da Marantz, a kafa shi daidai kunne, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a jira janaretan maƙwabci ya yi shiru.

Roƙonmu ɗaya ne, Alhaji. Maratayan bango da kuke kawowa galibi tsayayyu ne, ba sa juyawa. A taimaka a ƙaro masu lanƙwasa sama da ƙasa, a haɗo su da kusoshin da ke kama bulo mai rami, domin na cikin ledarsu don bangon katako aka yi su. A kuma samo rigunan rufe lasifika kafin ƙurar hunturu ta sauko.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci kasuwa, ya yi wa yaran shago albarka.

Naku,
Masu haɗa kayan sauti a gidaje, Kano